Harshen Damo

Daren Laraba, Limawa, Dutse

Har yanzu kuncina raɗaɗi yake, shatin yatsun Kawu Sabo na nan a kai.

Da la'asar ya zo daga Jahun da ƙaton damo, ya yanka shi a tsakar gida, jini har bakin rariya. Yana cikin feɗewa sai kulɓa ta fito daga ƙarƙashin randa. Ya rarumi taɓarya ya yi ta maka mata har ta yi kaca-kaca, jelarta na ta mutsu-mutsu ita kaɗai. Wai 'yar uwar maciji ce.

Bakina ya kasa shiru. Na ce, "Kawu, ai damon nan ya fi ta kusanci da maciji. A jami'a ba santsin jiki muke dubawa ba, ƙasusuwa ake kwatantawa da ƙwayoyin halitta, a gano waɗanda suka fito daga tsatso ɗaya. Duba ka gani."

Na ɗaga kan damon na zaro harshensa, ga shi a rabe biyu.

Ban ga tahowar hannunsa ba, sai dai na ji kunnena ya ɗauki ƙara.

"Ke nan maciji nake ciyar da iyalina da shi?"

Inna ta shiga tsakani, ta ce in ba ƙaninta haƙuri. Na durƙusa na bayar, amma ban ce na yi ƙarya ba, kuma ba zan ce ba. Ni na kwashe kulɓar, ba ta ci wa kowa komai ba.

Ɗazu na ɗauko kwanonsa daga zaure. Ya cinye tuwon tas. Naman ko taɓa shi bai yi ba.