Azararka Biyu Na Ƙona

Yaya Ɗayyabu, sannu da dawowa.

Matarka Zuwaira ta sauka da hantsi, an samu mace, duk suna lafiya. Na wanke ɗakin, ungozoma ta binne mabiyiya.

Tun cikin yana wata bakwai ake ce maka ka tara itacen wankan jego, ka tafi kasuwar Karaye ba ka bar ko tsinke ba. Shi ne na faskara azara biyu cikin waɗanda ka ajiye don rufin shagonka, na dafa mata ruwa. Ba haƙuri nake ba ka ba. Kada ka tuhumi maijego, ni na ɗauki gatarin.

Na tafi Yammedi in sanar da Inna. Ka kawo itace kafin in dawo gobe. In ba haka ba, na ƙirga, saura azara huɗu.

Ƙanwarka, Turai