Sifilin da Ka Ɓuya a Bayansa

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya kuma kare ka daga sanyin ƙasar nan taku da kake ba da labarinsa kamar kai ka ƙirƙiro shi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maman yara ta samu sauƙin ciwon gwiwa, babbar 'yata ta fara koyarwa, ɗakin baya da kake kwana a ciki kuwa har yanzu yana yoyo a daidai inda ka bar shi. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa da kan sarki a wannan zamani. To, kar ka yi. Mutumin da waya ba ta samunsa, ai sai a bi shi da takarda.

Ka tuna hoton da ka aiko shekarar da ka tafi, kana tsaye a gaban wata mota da har yau ban yarda taka ba ce? A bayansa ka rubuta lambar wayarka da kyakkyawan rubutun nan naka na injiniya, ta fara da sifili, tsaf kamar ta maƙwabcinmu. Inna ta sa na kwafe mata ita a wayarta. Tun daga ranar, duk lokacin da ta danna sunanka, wani mai gyaran famfo ne yake ɗauka a wani gari da ba mu taɓa zuwa ba. Da farko bawan Allah yakan yi faɗa. Daga baya ya saduda, har ya koma tambayar ta yaya ƙafa, yaya jikoki. Inna ta ce yaron yana da ladabi, ya fi wasu da aka sha wahalar goyonsu. Kai kuma idan ka ga dama ka kira, lambarka a ɓoye take fitowa, ka yi gaisuwa a tsaitsaye, sannan ka rufe da ƙorafin wai ka ba mu lamba amma ba mai nemanka. Manhajojin hira kuwa ka ce ba ka shiga, suna ɓata maka lokaci. Kiran ma ya yi ta ja da baya har ya ɗauke kamar ruwan famfon unguwarmu.

Wa ya sha dukan? Ni. Inna ta fara da cewa ban kwafe lambar daidai ba. Da na nuna mata hoton, sai ta ce ai idanunta ba sa gani, zan iya karanta mata abin da na ga dama. A ƙarshe ta yanke hukunci, a gaban baƙi, cewa da gangan nake raba ta da autanta, wai tun ranar da aka saya maka keke ba a saya mini ba nake riƙe da kai a zuci. Gwaggo Mai Mafarki ta ɗauki zancen ta zaga da shi dangi, ta ƙara da cewa ta gan ni a barci ina binne waya a gindin bishiya. Ga ni da furfura a gemu, ana nuna ni a wurin taro ana cewa ga mai hana uwa jin ɗanta. Na haɗiye. Amma ka sani, abin da babba ya haɗiye ba narkewa yake yi ba, ajiya ce.

Ga yadda Allah Ya kama ka. A ofishinmu, inda muke harkar shigo da kayan gyaran injuna, manaja ya kawo wata manhaja ta adana sunaye da lambobin abokan ciniki, ya ce a kwashe duk abin da ke tsohon kundin adireshi a zuba mata. Aka ɗora mini aikin, tunda an san ni da karanta komai, har takardar da ake cusawa a kwalin magani. Na zauna a teburina na gefen taga, fanka tana kuka a kaina, na fara. Ashe manhajar nan mai tsatsauran ra'ayi ce. Lambar ƙasar waje ba ta karɓarta sai da alamar tarawa a gaba, sai lambar ƙasar, sai lambar mutum, ba tazara, ba ɗan layi a tsakani, ba sifilin nan da wasu ke sakawa a cikin baka biyu don kwalliya. Idan ka cika sharaɗi, sai akwatin ya yi kore, 'yar tutar ƙasar ta fito a gefe. Idan ka kuskure, ya yi ja ya tsaya yana kallonka kamar tsohon hedimasta. A bayanin da ke jikinta na karanta cewa a ƙasashe da yawa sifilin farko na cikin gida ne kawai, kamar silifas ɗin tsakar gida, ba a ƙetare iyaka da shi.

Da na karanta wannan sai na ajiye tabarau. Na zaro lambarka, wadda na haddace don yawan zagin da na sha a kanta, na rubuta ta yadda ka ba mu. Tutar ƙasarmu ta fito, wato mai gyaran famfo ke nan. Na sa alamar tarawa da lambar ƙasarku na bar sifilin, akwati ya yi ja. Na goge sifilin. Kore, Auta. Kore shar, ga tutarku tana yi mini murmushi. Na ɗauki wayar ofis na buga. Ba ta wani daɗe tana ƙara ba sai ka ɗauka, muryarka garau, da alama ma da abinci a bakinka, ina jin ƙaramin yaronka yana dariya a bayanka. Na saurara kaɗan, na ajiye. Idan ka tuna wani kira da aka yi shiru kwanakin baya, ba aljani ba ne, yayanka ne yake gwada kaifin wuƙa.

Kar ka ce mini kuskure ne. Mutumin da yake lissafa nauyin gada bai manta da lambar ƙasa ba. Ka ba mu ƙofa ka riƙe makulli, don in an yi magana ka ce ai ga ƙofa nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naka kuwa faɗinsa sifili ɗaya.

Yanzu ga abin da na tanadar maka. Na buɗe wa danginmu kundi a irin wannan manhaja, na gyara lambar kowa, na bi gida gida na haɗa shi da wayoyinsu, ta yadda duk abin da na saka a wurina sai ya bayyana a wayar kowa. Har godiya aka yi mini. Sunanka yana ciki, da lambarka ta gaskiya, amma a yanzu ni kaɗai nake ganinta. Maɓalli ɗaya ne tsakaninka da jama'a. Ranar da na danna shi, Gwaggo za ta riƙa ba ka mafarkinta da zafinsa. Kawu Rediyo, wanda ba a taɓa jin ya kai ƙarshen labari ba, zai faro maka rikicin iyakar gona tun daga kakan kakanmu. Baffa Lauya, da bai taɓa shiga ajin shari'a ba, zai duba maka takardun zamanka ta waya. Ga masu bugawa su katse don ka biyo, ga masu gaisuwa mai wutsiya. Manhajar ma tana da wani gurbi mai nuna ƙarfe nawa ne a garin mutum, don kada a tashe shi daga barci. Wannan gurbin na kashe shi da hannuna.

Za ka ce me ya hana ni buga wa Inna lambar in miƙa mata, a wuce wurin. Abu biyu ne. Na farko, ta daina dannawa. Ta ce uwa ba ta bin ɗa da roƙo, ko mai gyaran famfon ma ta sallame shi da addu'a. Na biyu, idan na nuna mata yadda aka yi, za ta gane ba ɓata ka yi ba, ɓuya ka yi. Gara ta ci gaba da zargina da ta san wannan, ni na saba. Abin da ba ka sani ba shi ne, kunnenta na dama ya tafi gaba ɗaya, likita kuma ya ce na hagu yana bin sawunsa, ba zai yi alkawarin wani lokaci mai tsawo ba. Duk da haka wayar tana nan a kan matashinta, kullum sai ta sa an duba mata ko caji ya cika.

Saboda haka na ba ka zuwa ƙarshen watan nan. Ka kira ta da kanka, da lambarka a buɗe, ka zauna ka saurari duk faɗan da za ta yi, ka kuma mayar da shi al'ada. In ka yi haka, yatsana zai yi nesa da maɓalli, asirinka ya tsaya tsakanina da kai. In ba ka yi ba, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Maman yara tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yaran. Gwaggo da Kawu da Baffa ma suna gaisuwa, ba su san kusancin da ke tsakaninku yanzu ba. Ka gaida mai ɗakinka da kyau, ita ban ɗora mata laifi ba tukuna. Idan ka kira kuma, ka fita daga cikin hayaniya, ka ɗaga murya, ka yi magana a hankali. Ka fara da faɗin ko wane ne, don muryarka ta daɗe ba ta shiga gidan nan ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
Yayanka, mai riƙe da maɓalli.