Lambar Rigar Safiya

Laraba, 14 ga Agusta, da dare

Barci ya ƙi zuwa. Ran Lahadi za a rufe zaɓen gwarzuwar shekara a ƙungiyar su Safiya, 'yata, masu wasan ƙwallon Ostiraliya mai siffar ƙwai. Magoya baya ne ke kaɗa ƙuri'a ta waya. Kwana uku ke nan ina roƙon jama'a su zaɓe ta: abokan aiki a filin jirgi, 'yan masallacinmu na unguwar Jamaica a nan Amurka, har dangi a Kano. Yayata Ladi ma ta danna, duk da ta ɗauka zaɓen makaranta ne.

Ɗazu muna cin tuwo na nuna wa Safiya saƙonnin, ina jiran godiya. Ita da kullum Turanci take amsa mini, yau da Hausa ta ce, "Baba, wace lamba ce a bayan rigata?"

Uwarta ta ƙura wa kwano ido.

Shekara biyu tana wasan nan, ban taɓa leƙa filin ba. Kullum aiki, kullum uzuri. Tawa ƙuri'ar ma na kasa kaɗawa, kunya ta hana.

Saura wasa ɗaya, ran Asabar. Ba zan tambayi uwarta lambar ba. Da idona zan gano ta.