Cibiyarka Tana Gindin Magarya, Ɗan Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa ga jikana kuma maigidana Sanusi, wanda ya bar ni ba cehwane ba saki. Ina gajiya, ina aikin buro, wato ofis ɗinku? Mu nan lahiya lau, hatsi ya yi kai, awaki suna gaishe ka, tun da su ba su manta da kai ba.

Na rubuto a inda jama'a za su gani saboda a gaban jama'a ka yi abin. An nuna mini bidiyon bikin abokinka, ka sha babbar riga, mai magana ya ce kowa ya faɗi garinsu. Na kasa kunne. Sai na ji ka gyara murya ka ce kai Yamai ce mahaifarka. Sanusi, har sai da na ce a mayar mini baya, ko tsufa ya taɓa mini kunne. Ashe kunnena ƙalau, bakinka ne ya taɓu.

Karatuna na lakwal bai yi nisa ba, amma bari in yi maka darasi. In ka ce Nijar ƙasarka ce, ba gardama, ta ishe mu duka har da raƙuma. In ka ce Yamai garinka ne, to, kana kwana can, sauronsu ya san jininka. Amma mahaifa da asali, wannan ba a canza su kamar lambar waya. Kai ɗan Tungar Jakkai ne, bayan Malbaza, inda kwalta ta ƙi zuwa.

Na san sunan ne yake ba ka kunya. Da ka ce Konni ma da na yi shiru, ƙaryar kusa ce. Kakan kakanka da jakkai ya yi fataucin gishiri da kanwa, nan ya sauke kaya ya ce ya gaji, gari ya tashi. Da a mota ya zo da an sa mana Tungar Mota, sai ka yi haƙuri.

Ranar da za ka zo duniya, ruwa ya cika ƙorama, amalanken da zai kai uwarka Hadiza gidan likita ya kahe a laka. A ɗakina ka faɗo, kana ihu kamar an taka wutsiyar ɗan akuya. Ni na wanke mabiyiyarka, na haƙa rami gindin magaryar bayan ɗaki na binne. Da cibiyarka ta faɗi, can na haɗa su. Karen maƙwabta ya dinga shawagi a wurin, sai da na kihe turmi a kai na zauna bisa. Kwanaki ina gadinka ta waje biyu, ga mai kuka a ɗaki, ga marar kuka a rami.

Ka tuna ranar farko da na kai ka kasuwar Konni? Da ka ga kabu-kabu suna ta giftawa, ka shige cikin zanena kana cewa, “Kaka, mu koma garinmu, nan ba mutane, sai babura.” Wannan ne yau ɗan birni.

To ga dalilin wasiƙar. Ƙanen babanka Isuhu ya sauke siminti, zai sare magaryar ya gina shago a wurin. Ni kuma na kai tabarmata gindinta. Can nake shan hura, can nake tsince wake. Magini ya zo da igiyar awo, na ce ya fara aunawa ta kaina. Ya gaishe ni ya tahi. Ya dawo washegari, na ba shi hura, ya sha ya tahi. Yanzu ina zargin hurar yake zuwa sha.

Jiya Isuhu ya zo da bidiyonka a hannu. Ya ce, “Inna, mai cibiyar ya ce shi ɗan Yamai ne, wa kike yi wa gadi?” Sanusi, ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba tun ina amarya, jiya ka sa an kayar da ni. Ya ba ni wa'adi zuwa a gama yankan hatsi.

Na so in tone cibiyar in ƙulle a leda in ba direba ya kawo maka, ka binne gaban buro ɗinku, maganarka ta zama gaskiya. Sai na tuna ba taka kaɗai ba ce a wurin. Ta babanka, Allah ya jiƙansa, tana nan kusa da taka. Ita ce ta rage mini da zan zauna kusa da ita.

Ka zo, ɗan nan. Ba kuɗi nake so ba, ba atamfa ba. Ka tsaya gindin magaryar nan ka faɗa wa Isuhu da bakinka daga ina kake. Gwiwoyina sun fara ƙin tabarma, kuma ina so ranar da za a ɗauke ni, a ce ɗan garin nan ne ya kama gaban makara, ba baƙo daga Yamai ba.

Allah ya tsare mini kai, ya yi wa nemanka albarka, ya karkato da ƙafarka gida kahin gatari ya riga ka. Amin.

Taka har kullum, uwargidanka da ka yi wa yaji,
Kaka Ta-Allah, daga gindin magarya, Tungar Jakkai. Ka karanta sunan da ƙarhi.