Inda Zan Zuba Tokar Cliff

Asabar, 5 ga Afrilu

Tokar gawar mijina Cliff, da aka ƙona, na nan a kan kabad kusa da rediyo. Abu ɗaya ya roƙe ni kafin ya rasu: in zuba ta a filin ƙwallon ƙafa na Aldersike Town. Ga shi za a rushe filin a koma sabo da zarar kakar wasan nan ta ƙare. Shekara da shekaru ina aure da mutumin nan, ban taɓa kallon wasa ba. Filin da faɗi, a ina zan zuba?

Talata, 8 ga Afrilu

Na je mashayar da suke zama, wurin Wilf da Ernie, abokan kallonsa. Su biyun suka ce ai ba wata magana, a bakin ragar da aka ci fenaretin 1977, ranar da Aldersike ta fitar da wata babbar ƙungiya daga gasar kofi. Na ce wace raga ce? Nan fa rigima ta kaure.

Wilf ya ce, "Ta gefen layin dogo."

Ernie ya ce, "Ji tsohon banza! Kai da ko gidanka ba ka ganewa. Doreen, kada ki biye masa, ta gefen coci ce."

Na sha shayina na bar su.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na shiga filin don in ga ragogin da idona. Sanyi, ƙamshin soyayyar albasa, manya da furfura suna zagin alƙalin wasa. An ci Aldersike ƙwallo biyu. Abin da ya ɗaure mini kai, kowa ya fita yana cewa sai mako mai zuwa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ernie ya zayyano mini tarihin kaf. Hawa rukuni sau biyu, faɗowa sau huɗu, shekarar da ruwa ya cinye filin, kofin da suka kusa ɗauka. Kusa kawai! To me Cliff ya gani a nan? Bana ma suna bakin faɗowa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Canjaras. Wai na yi wa mai tsaron raga ihu. Ban tuna ba.

A hanyar gida na ce wa Wilf, Cliff ya ba ni labarin fenaretin nan har na haddace, yadda ƙwallon ta daki ƙarfe ta shige. Wilf ya yi dariya har da tari.

"Cliff? Ai bai gani ba! Tunda yake bai taɓa kallon fenareti ba. Juya baya yake yi ya rungume ginshiƙin rumfa, wai in ya kalla za a ɓarar. Mu muka ba shi labari."

Cliff, maƙaryacin banza. Na yi dariya a bas, daga baya na yi kuka.

Asabar, 3 ga Mayu

Wasan ƙarshe. Na saka tokar a jakar cefane, na ɗaura mayafin wuyansa, don sanyi kawai. Wilf ya nuna mini ginshiƙin, fentin ya goge daidai tsayin kafaɗa.

Daf da tashi aka ba mu fenareti. In an ci mun tsira, in an ɓarar mun faɗo. Ban san lokacin da na juya ba. Ƙarfen sanyi ƙalau a goshina, ga fuskokin mutane birjik a gabana, baki buɗe. Ashe abin da yake kallo ke nan. Sai rumfar ta ɗauki girgiza, Ernie ya faɗo kaina yana kuka.

Da jama'a suka ragu na zuba tokar a gindin ginshiƙin. Su biyun suka cire huluna, ba wanda ya ambaci raga.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ernie ya ce ƙwallon ta gefen hagu ta shiga, Wilf ya ce dama. Ni dai na gaya wa maƙwabciyata ƙarfe ta daka ta shige.

Wai bas mai lamba tara ce ke zuwa sabon filin. Tambaya kawai na yi.