Na Rataye Ki a Bangon Mutane

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, na gan ki a Doha, a cikin littafi.

Matar maigidan da nake yi wa direba a unguwar Madinat Khalifa ce ta ba ni wani ƙaton littafi in kai shago a Al Mirqab, a cire shafi guda a sa masa gilashi. Wani Bature ne ya zaga gandayen manyan attajirai, ya ɗauki hotuna, ya yi rubutu a ƙasansu. A mota na buɗe shafin da ta naɗe.

Dutsen bayan garinmu ne. Farin bene, ciyawa shar, layin mangwaro, tafki da agwagi. Ga ki a gefe, duƙe da bokiti kina shayar da furanni, da zanen nan naki mai ruwan ƙasa. A ƙasan hoton an rubuta wai matan yankin na aikinsu cikin nishaɗi.

Nishaɗi! Sai da na tsaya a bakin titi na tofar da yawu.

Baturen bai tambayi abin da ke ƙarƙashin ciyawar ba. Gidanmu ne, da rumbunki, da kabarin Baba. Ranar da katafila ta shigo na ɗauki dutse, kika riƙe min riga kina cewa, "Ajiye, Sule, Allah na gani." Da shekara ta zagayo kika koma neman aikin ban ruwa a wurin, don mu ci tuwo. Na yi fushi da ke a lokacin. Sai yanzu da na auna daga dutsen bayan gari a hoton na gane inda kike tsaye. Daidai kan Baba kike zuba ruwan.

Da na koma na gaya wa matar cewa mahaifiyata ce. Ta ce mashallah, ashe daga aljanna na fito, me ya kawo ni hamada? Sannan ta ce yalla, wato maza, in nemo ƙusa.

Ni na buga ƙusar, Inna. Da hannuna na rataye ki a ɗakin cin abincinsu, baƙi na yagar nama suna yabon kyan ƙasarmu. Ina ƙyamar Baturen, ina ƙyamar mai gandun, amma wadda nake yi wa kaina ta fi. Jikokinki biyu na gida suna jirana, shi ya sa na ja bakina. Ki yafe mini, Innata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da Baba a lambun da babu mai tashin ku.

Ɗanki,
Sule