Babu Turmin Bilki a Cikin Ankon

Zuwa gare ka, Yayan Bilki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya mutanen Abuja? Mu nan Ƙofar Kwaya mun gode Allah. Malam mahaifinku ya samu sauƙin tarin nan, har ya koma fita masallaci. Ƙanwata Hadiza da yaranta lafiya lau. Gwaggonka Asabe gwiwa ce dai ke damunta. Bilki ƙalau take, tana ta ɗinki. Ni ce ba lafiya, kuma ba ciwon da ake kaiwa asibiti ba ne.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da girma na koya. Na yi ta kiran wayarka ba ka ɗauka, shi ya sa na ce Hadiza ta nuna mini yadda zan sa wannan a shafinka, inda mutanenka ke karanta ka. Na san ba kyau uwa ta tsaya gaban jama'a tana yi wa ɗan fari magana. Yau na ajiye kunyar.

Atamfar ankon bikinka ta iso. Gwaggo Asabe ta raba a tsakar gida. Ta ba ni, ta ba Hadiza, ta ba matan baffanninka. Bilki na kan tabarma tana ta yaba zanen, tana jiran a miƙo nata, har jakar ta ƙare. Gwaggo ta ce mata nata yana hanya. Daga nan ta ja ni ɗaki ta faɗa mini saƙonka: wai kada Bilki ta bi masu kai lefe Kaduna, ranar biki ma a bar ta cikin ɗaki, don kada dangin amarya su ga kekenta su ɗauka abin gado ne. Ta ce ba ka ma taɓa gaya musu kana da ƙanwa gurguwa ba.

Na ce ƙarya ake maka. Ta kunna mini muryarka a wayarta.

Kai ne fa ka fara gaya mini shan inna ba gado ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Lokacin da maƙwabta suka ce in sa ta bara tunda ba za ta moru ba, kai ka tashi ka ce ƙanwarka makaranta za ta. Kai ka dinga goya ta zuwa firamare, ƙafafunta na reto a bayanka. Da aka ce ajinta sai an hau matakala, kai ka roƙo ragowar siminti wajen magina ka yi mata gangare, hannunka duk ya tsattsage.

Ba don wannan goyon ba, da ban iya rubuta maka wannan ba. Abin da ta koyo da safe shi take koya mini da yamma, da gawayi a jikin bango.

Ranar da aka fara sa ka a rediyo kana magana kan haƙƙin masu nakasa, na fito da rediyon tsakar gida, na tara matan unguwa. Ka ce ba sadaka suke nema ba, wurin zama suke nema cikin mutane, a makaranta, a ofis, a masallaci, a taron biki. Da kunnena na ji ka ce taron biki. Ka ba da labarin wata ƙanwarka, ba ka faɗi sunanta ba, amma Bilki ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana kuka. Ashe labarinta zai iya shiga kowane gida a ƙasar nan, ita ce ba za ta shiga gidan surukanka ba.

Ka san wa ke ɗinka ankon? Ita. Duk matan gidan nan ita suka kawo wa. Tana juya keken ɗinkinta na hannu tun safe har kafaɗarta ta riƙe. Ta riga ta zaɓi ɗinkin da za ta yi wa kanta, doguwar riga marar faɗin ƙasa, don kada taya ta kama bakinta. Jiya ta tambaye ni ko ta kira amarya Anti ko Yaya. Na ce miyata na ƙonewa, na tashi.

Nawa turmin yana nan ban yanka ba. Zan iya ba ta in ce shi ne ya iso, amma ba atamfa ce ta rasa ba. Kuma ba zan tura ɗiyata gidan da ba a san tana duniya ba, a tsaya ana kallon ƙafafunta ana tambayar ko wace ce.

Ɗana, na san tsoro ne. Kana son yarinyar nan, kana gudun a hana ka. Ni ma ba na son ka rasa ta. Amma wata rana za ta shigo gidan nan ta durƙusa ta gaishe ni, kuma Bilki na nan kan tabarmarta. Ina za mu kai ta ranar?

Ka gaya wa surukanka da bakinka, sannan ka kira ƙanwarka ka ce ta shirya. Lefe Asabar zai tafi. Ka ba ni amsa kafin Alhamis, don ranar Bilki za ta gama rigar ƙarshe, ta waiwayo ta tambaye ni nata. Ni ba zan ce mata yana hanya ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sanya alheri a aurenka, Ya ba ka 'ya'yan da ba za su ɓoye junansu ba.

Ka sani tun da na haife ka ban taɓa kama sunanka ba. Sai da aka haifi Bilki na samu abin kiranka. Idan ka ce ba ka da ita, ban san da me zan kira ka ba.

Ni ce mahaifiyarku,
Innar Bilki